Gidan da Na Saya da Shaidu Huɗu

Kwana tara mai gidan haya ya ba mu. Da hantsi ya zo, ya tsaya bakin ƙofa bai ko shigo ba, ya ce zai rushe ɗakunan ya gina shaguna, Asabar ta sama masu rusau za su zo. Na ce masa mijina na kwance, ko juyawa ba ya iyawa da kansa. Ya ce Allah ya ba shi lafiya. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Mijina magini ne. Wata huɗu kafin nan ya faɗo daga saman bene a wani gini da suke yi cikin gari, ƙugu ya tafi, ƙafafu suka mutu. Ni kuwa shinkafa da wake nake dafawa ina sayar wa leburori a unguwar Gataa El Oued, nan garin Tamanrasset, da ita muke ci, da ita nake sayen magani.

Kwana uku na yi ina bin lungu ina neman haya. Ɗakunan unguwar nan na samari ne, mutum goma a ɗaki guda, kowa da tabarmarsa. Inda ake ba mai iyali kuma, da na ce akwai marar lafiya sai fuska ta canja. Wata mata dai ta faɗa mini gaskiya, ta ce, "Yaya, ba wanda ke son a mutu masa a gida, a zo ana tambayar takardu." Ban ji haushinta ba. Ta rage mini yawo.

Rana ta huɗu wani dillali ɗan Maradi ya tsaya cin abinci wurina, ya ji ina mita.

"Hajiya, me ya sa ba za ki saya ba gaba ɗaya ki huta?"

"Ban je Makka ba, bar kirana Hajiya. Da me zan saya, da ƙanzon tukunya?"

"Ƙanzon tukunyarki ya fi albashin wani. Tashi mu je ki gani."

Mai gidan da za a sayar dattijo ne ɗan ƙasar nan, Buzu mai farin rawani, yana jin Hausa tun zamanin da yake fatauci zuwa Agadez. Ya gaji da gari, yana son komawa garinsu Tazrouk wurin lambunsa da awakinsa. Gidan ɗaki biyu ne na bulon siminti a gefen unguwa, tsakar gida ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba, ruwa sai an sayo. Na duba rufi, na buga bango da hannu, na ce ina so.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, dattijon nan ya gaya mini gaskiya. Ya ce, "'Yata, ki dakata wata guda. Babban ɗana yana arewa, zai zo. Ke baƙuwa ce, sa sunanki a takardar gida doguwar hanya ce, amma ko yaya ne a je buro, ofishin hukuma, a rubuta wani abu, a buga hatimi, shi ma ya sa hannu."

Na ce, "Baba, kwana biyar gare ni. A titi zan ajiye mijina wata guda?"

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da maganar da har yau in na tuna ta nake jin ɗaci a harshe. Na ce, "Mu a Damagaram ba takarda ke riƙe gida ba, mutane ne. Takarda gara ke cinye ta."

Kuma ba ƙarya na yi ba. Gidan ubana haka aka saye shi. Ana kiran mai unguwa da maƙwabta, a zaga iyaka da ƙafa, a miƙa kuɗi a gabansu, a raba goro, a shafa fatiha. Wanda ya ci goron ciniki ya ɗauki nauyi har kabarinsa, in ya mutu 'ya'yansa sun ji daga bakinsa. Na girma a gidan nan, na yi aure daga cikinsa, ba wanda ya taɓa ɗaga mana murya. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai da furfura ta fito mini na shiga lekkol, makarantar manya. Takarda a wurina abin da ake cutar jahili da shi ne. Mutum kuwa ina iya kallon idonsa.

Na sayar da 'yan kunnena na zinariya, na roƙi matan adashe suka ba ni kwasa kafin lokacina, na buga wa ƙanena waya ya sayar da rabona na gonar gado. Ya sayar da arha, don mai gaggawa ba ya ciniki.

Ranar Alhamis bayan la'asar na tara shaidu huɗu: limamin ƙaramin masallacinmu, da wani tela ɗan Matamai, da magina biyu abokan aikin mijina. Goro na sha wuya kafin na samu, na saye shi da tsada. Dattijo ya ga ƙwaryar goro ya yi dariya, ya ce, "Har nan kuka biyo mu da goronku?" Ya ɗauki ɗaya don kunya, ban ga ya ci ba. Muka zaga bango, na miƙa kuɗi, liman ya yi addu'a, aka shafa.

Da na koma na ba mijina labari, bai yi murna yadda na zata ba. Ya ce, "Shaidun nan naki duka baƙi ne irinmu."

Na ce, "To Larabawa zan kira su ci goro? Kai dai ka kwanta, ka samu inda za ka kwanta."

Ya juya fuska wajen bango. Iyakar abin da yake iya juyawa ke nan.

Ranar Juma'a muka tare, saura kwana ɗaya rusau. Shekara biyu muka yi a gidan. Ba zan ce ba mu ji daɗi ba. Da safe nakan jawo shi tsakar gida ya sha rana, in ɗora tukunya kusa da shi yana tsince mini wake. Ba mai buga mana ƙofa ƙarshen wata.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a Damagaram shaida yana tsufa a unguwarsa. A Tamanrasset shaida a bakin titi yake tsayawa da safe yana jiran mai ɗaukar lebura. Wata rana aka zo kwasar marasa takardu, aka haɗa da ɗaya daga cikin maginan, da takalmin aikinsa aka sa shi mota zuwa iyaka. Bayan 'yan watanni aka kwashe liman daga kasuwa. Tela ba a kama shi ba, shi ya sayar da kekensa ya yi arewa wajen teku, tun daga nan ba wanda ya sake jin muryarsa. Duk wanda ya tafi sai in ce Allah ya kiyaye hanya, in koma kan tukunyata. Wallahi ban taɓa kawo gidan a raina ba.

Sai dattijo ya rasu a Tazrouk. Bayan arba'in babban ɗan ya zo, mutum mai tabarau, da takardar gidan a hannu da sunan ubansa a kai. Bai yi mini tsawa ba, da ya yi ma da na fi samun abin faɗa. Da Larabcina na kasuwa na ce masa na saya, na biya, an shafa fatiha. Ya ce ubansa ya taɓa ambata wata mata a gidan, amma su magada bakwai ne, ba zai je musu da "an ce" ba. In kawo takarda, ko in kawo shaidu su tsaya gaban alƙali su rantse. Ya ba ni sati biyu.

Shaida ɗaya ya rage mini, maginin na biyu. Na same shi a wurin aiki yana kwaɓa siminti. Tun kafin in buɗe baki ya sunkuyar da kai, labari ya riga ni.

"Inna, in masallaci ne zan dafa Alƙur'ani yanzun nan."

"Ba masallaci aka ce ba. Gaban alƙali."

"Abu na farko da za su tambaye ni takarduna ne. Kin san ba ni da su. Da ƙafata zan kai kaina?"

"Ka ci gorona."

"Na ci, Inna."

"A bakin mijina ka koyi riƙe cokalin gini. Yau shi za a fitar titi kana kwaɓa wa wani siminti. Kai namiji ne kuwa?"

Ya ajiye shebur. Ya ce, "'Ya'yana huɗu a gida, da uwata. Abin da na aika shi suke ci. In kin ce in je, zan je. Ke ki faɗa."

Na zo da zagi cike da baki, na tanadi na uwa da na uba. Ga shi ya miƙo mini wuƙar ya ce in yanka da hannuna. Ko ya je ma, shaidar baƙo ɗaya marar takarda me za ta yi gaban hatimi? Na ce masa ya ɗauki shebur ɗinsa, simintin na bushewa.

Ɗan dattijon ya ba ni wani abu da ya kira taimako, bai kai kuɗin ɗaki ɗaya ba. Na karɓa, ban yi godiya ba. Wata mai sayar da fura ta yarda mu zauna a rumfar bayan gidanta inda take ajiye gawayi.

Ranar fita ba mu da abin ɗaukar marar lafiya, mai mota kuma ya ce lungun ya yi masa ƙunci. Maginin nan ya zo ba wanda ya kira shi, da abokan aikinsa uku. Suka cire ƙyauren ɗaki, muka shimfiɗa bargo a kai, suka ɗora mijina suka ɗauka a kafaɗa. Ina biye da tukunya a ka. Mutanen da ke zaune bakin hanya suka fara miƙewa tsaye suna salati, wani har ya cire hula ya biyo sahu.

Na ce, "Ku zauna. Da ransa."