Madubin Sif Ɗina da Lallen Hajiya

Shekarun baya, muna zaune a Azare, 'yata ta fari ta kai shekara biyar hannunta na dama yana dunƙule kamar ta ɓoye alewa. Likitoci suka ce wahalar haihuwa ce ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Da hagu take komai, har cin abinci. Duk gidan da muka shiga sai an ce, "Ke, da dama ake ci!" Har ta daina zama kwano ɗaya da yara, sai ta ɗauki tuwonta ta shige bayan ƙyaure. Abin yana ci mini rai.

Wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi a asibiti ce ta ce in samo madubi, in tsayar da shi tsakanin hannuwanta, na daman yana bayansa. In tana motsa hagu tana kallon madubin, ƙwaƙwalwarta za ta ɗauka daman ne ke motsi. Ni sarkin zumuɗi, ina komawa gida na kwance madubin sif ɗin aurena.

Surukata Hajiya ta riƙe haɓa. "'Yar nan, yarinya ba lafiya kuma ki haɗa ta da madubi? Kin manta da mutanen ɓoye?"

Na yi kunnen ƙashi. Amma yarinyar na leƙa madubin ta kwashe da dariya. "Umma, ai wannan hagu ne. Damana ba shi da lalle."

Gaskiyarta. Kullum hagu kawai muke ƙunsa mata, tunda na daman ba ya buɗuwa.

Washegari na tarar da Hajiya ta kwaɓa lalle, ga ruwan ɗumi. "Kawo hannun nan," ta ce wa jikarta. Ta dinga murza yatsun a hankali tana bismillah har tafin ya buɗe, ta ƙunsa hannu biyun iri ɗaya. Daga ranar ita ke riƙe madubin, tana mita tana riƙewa.

Muka shafe watanni, ga madubi ga gashi. Ran nan ana cin tuwo, yarinyar ta zauna cikin yara ta kai loma da dama. Rabi ya zube mata a riga. Hajiya ta rangaɗa guɗa, ni kuwa kuka na fashe da shi.

Hannun bai miƙe sarai ba har yau, amma da shi take ci. Sif ɗina kuwa har yanzu ba madubi. In kun ga ɗaurin ɗankwalina a karkace, ku bar mini abina, da alfahari nake ɗaura shi.