Rijiyar da Baba Ya Ƙi Ginawa

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, an tashi ƙauyenmu daga bakin gulbi, aka mai da mu kan wani tudu a ƙasar Maradun. Ni a lokacin malamin firamare ne. Mahaifina kuwa maginin rijiya ne, sana'ar da ya gada. An ba mu filaye, an yanka mana hanya, amma ruwa sai mata sun yi doguwar tafiya da tulu. Kowa ya san idan bazara ta same mu ba rijiya, garin zai watse.

Wani jami'i ya zo a mota, ya kafa turke a bakin hanya, inda duk mai wucewa zai gani, ya ce nan za a haƙa. Maigari ya aika a kira Baba.

Baba ya zagaya turken sau ɗaya. Ya tsinci duwatsu a kwalbatin da masu yin hanya suka tona, ya tofa wa ɗaya yawu, ya ƙwanƙwasa wani da bakin diga, ya kasa kunne.

"Ranka shi daɗe, nan ba ni ginawa."

"Hukuma ta ce nan," in ji maigari.

"To hukuma ta shiga da kanta. Igiyata ba ta sauka bisa kurman dutse."

A wurin Baba dutse iri uku ne. Akwai mai sha, wanda in ka zuba masa ruwa ya tsotse, in ka murza shi rairayi ya zubo. Akwai mai tsaga, wanda ke ɓarewa falle-falle, ruwa na bin tsakaninsa. Sai kurma, mai ɗigo-ɗigo kamar gashin zabo, wanda in diga ta same shi sai amo da tartsatsi.

Littafin da na karanta a kwalejin horon malamai shi ma uku ya raba su, amma ta hanyar samuwarsu. Na farko narkakke ne a can cikin ƙasa saboda zafi, ya huce a hankali ya daskare, ƙwayoyinsa suka sarƙe da juna ba kafa. Na biyu rairayi ne da laka da ruwa ya jibge, shimfiɗa kan shimfiɗa, nauyi ya danne su har suka zama dutse. Na uku tsohon dutse ne da zafi da matsi suka sauya ba tare da ya narke ba, ƙwayoyinsa suka jeru gefe ɗaya. Rabon Baba da na littafi ba su dace a ko'ina ba. A kan dutsen da ke ƙarƙashin turken dai bakinsu ɗaya: kurman Baba shi ne na farko, kuma in babu tsaga a jikinsa, babu ruwa.

Maigari ya ce mini, "Malam, kai ka yi boko. Je ka lallashi tsohonka."

Ban lallashe shi ba. Na ɗauki dutsen na kai wa jami'in, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, yara na jiran ka a aji."

Na ce, "Za su jira, yallaɓai. Nan dai ba ruwa."

Aka ɗauko magina daga Bakura. Gwanaye ne, ba na rage musu komai. Amma a ƙasarsu in ka fasa jar marmara, mai sha ne a ƙasa, sai ruwa. Don haka dokarsu ita ce, in ƙasa ta yi tauri, ka daure. Suka fasa marmara, suka iske ruɓaɓɓen dutse mai kama da rairayi, suka yi murna. Kwana biyu bayan haka diga ta fara tartsatsi. Sai suka riƙa hura wuta a gindin ramin, in dutsen ya yi zafi, su kwara masa ruwa don ya fashe. Ruwan kuwa wanda mata suka ɗauko a ka ne.

Ran da Baba ya ga haka ya ce, "Ruwan da ɗiyanmu sunka ɗauko, shi aka ba dutse shi sha?" Bai nemi izinin kowa ba. Ya ɗauki diga da igiya ya gangara wani kwari a yamma da gari, inda mai tsaga ya leƙo waje. Maigari ya hana kowa kama masa. Ni nake jan guga bayan an tashi makaranta, abokan aikina na tsokanata wai an ƙara mini girma. Gida huɗu suka ɗaure kaya suka koma Mafara muna cikin aikin. Baba bai ɗaga kai ba.

A gaba ta bakwai ta zurfin ramin, ƙasa ta yi sanyi. A ta takwas ruwa ya fara tsattsafowa daga tsagar dutse. Ba shi da yawa, kuma yana da ɗanɗanon ƙarfe. Sai an bi layi, a jira ya taru. Amma daga ranar ba wanda ya sake ɗaure kaya.

Babban maginin Bakura ya gangaro da kansa. Suka gaisa da Baba, gaisuwa mai tsawo, ta gida da gajiya da rana. Ya sha ruwan, ya goge baki.

"Abokin sana'a, ka bar mu muna dafa dutse kwana goma."

"Kun tambaye ni?" in ji Baba.

Mutumin ya yi dariya, ya tsuguna, ya zaɓi falle ɗaya daga tulin da muka fitar, ya sa a aljihu. Washegari mutanensa biyu suka zo suka taya mu ƙara wa rijiyar zurfi.