Garin Kwaki a Baƙar Leda

Mu da ruwan Tiga ya tasa daga garinmu na asali muna da wata ɗabi'a da maƙwabta ke yi mana dariya a kanta. Ba ma zuwa ko'ina mu kaɗai. Idan ɗanmu ya kwanta a asibiti, mota ake cikawa a je dubiya, har ma'aikata su fara yi mana tsawa. Kakata takan ce gidajensu da gonakinsu da kaburburan iyayensu duk suna ƙarƙashin ruwa, ba su fito da komai ba sai junansu, don haka junan nan suke nuna wa duniya. Da wannan na tashi, kuma ban taɓa tunanin akwai wurin da hakan zai cutar da mutum ba.

Ƙanena masunci ne, da rani kuma yana noman albasa da tumatir a bakin ruwa. Injin ban ruwan wani mutum ya ɓata, aka tsinci tiyonsa a gefen lambun ƙanena, shi ke nan aka kama shi. Alƙali ya ce a ajiye shi a gidan yari kafin a ci gaba da shari'a. Ba zan faɗi garin da gidan yarin yake ba. Abin da zan ce kawai, daga wajenmu a ƙasar Bebeji sai ka sauka a Kwanar Dangora ka sake mota.

Ziyarar farko mota guda muka cika. Mai unguwa ya sa babbar riga, liman ya naɗa rawani, Inna ta ɗaura atamfar sallarta. Ni sana'ata bandar kifi, don haka na zaɓo manyan tarwaɗa na yi miya, na zuba a sabuwar kula mai ruwan zinare, ga fura da nono, ga ƙosai. Nufinmu a gani a sani cewa yaron nan yana da gata, kada wani ya taɓa shi.

A ƙofar akwai ƙa'ida. Duk wanda ya kawo abinci sai ya ɗanɗana a gaban gandiroba, don a tabbatar ba guba a ciki, shi kuma ya sa cokali ya jujjuya ko an ɓoye wani abu. Gandiroban da muka tarar dogo ne mai fara'a. Ya durƙusa ya gaida liman, ya ce shi ma ɗan gida ne, daga wajen Riruwai yake. Ya buɗe kulata ya ce, “Masha Allah, Hajiya, wannan ai abincin gidan sarauta ne.” Ya tambayi sana'ata, ya tambayi ko Inna tana kiwo, ya tambayi mu nawa ne a gidan. Dattawanmu suna ta ba shi amsa suna murna an sami mutumin kirki. Ni kuwa na lura yana tambayar yana kallon 'yan kunnena, kuma tarwaɗar da ta fi girma ba ta koma cikin kular ba. Tun daga ranar ban yarda da shi ba.

Ana ganin mutum ne ta bayan ragar ƙarfe. Duk zuwan da na yi, akwai wani fursuna da ke tsaye a bayan ƙanena, ƙato mai farar singileti, fatarsa ta fi ta mu da muke waje sheƙi. Na tambaya wane ne. Ƙanena ya ce, “Shugaban ɗakinmu ne, Yaya. Yana kula da ni.” Ya faɗi haka idonsa a ƙasa. Ƙaton ya yi mini murmushi ya ce miyata ta yi daɗi, sai dai gishiri ya ɗan yi kaɗan.

Ina ƙara kifi, ƙanena yana ƙara ramewa. Wuyansa ya yi tsawo, rigar da muka kai masa ban sake ganinta a jikinsa ba. Na fara zargin har shi kansa, ko ya koyi shaye-shaye a ciki yana sayar da abincin.

Wata rana bayan la'asar ina juya kifi a kan wuta, baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar ƙanena na fara ji, ya ce “Yaya,” sai na ji wani abu kamar ana bugun tabarma da sanda, sai ihunsa. Daga nan wata murya mai sanyi ta karɓa. “Yaya, ki yi haƙuri, ba wani abu ba ne. Kuɗin makwanci ne. Kin san sabon zuwa a gefen bokitin bahaya yake kwana. Mu kuma ba ma so ɗan babban gida irinsa ya wulaƙanta.” Aka ba ni lambar da zan tura. Na bar kifin ya ƙone, na ruga wajen mai shagon tura kuɗi.

Daga nan kira bai yanke ba. Yau kuɗin makwanci, gobe kuɗin sabulu, jibi kuɗin hutu daga fifita, domin ashe sababbi ne ke tsayawa da kwali suna yi wa shugaban ɗaki fifita har hannunsu ya sage. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda suke sanin sirrin gidanmu. Inna ta sayar da rago, washegari aka kira aka ce an ji ragon ya yi kuɗi. Na daina yarda da kowa. Na zargi direban da ke kai mu. Na zargi maƙwabciyar da ta cika tambayar ya ƙanena yake a tsare. Na zargi mai injin da ya ɓata. Har mai shagon tura kuɗin na canza, na koma turawa daga Kiru.

Na yi ta maza na kai ƙara wajen gandiroban nan mai fara'a. Ya kama baki, ya yi salati, ya ce, “Waya a cikin gidan nan? Hajiya, ki bar mini, yau za a yi maganin abin.” Aka kuwa yi. Zuwan da na yi na gaba, ƙanena ya fito yana taka gefen ƙafafunsa, tafin ya kumbura, ga shatin marin ƙarfe a idon sawunsa. An ce an same shi da laifin amfani da waya, aka ɗaure shi a rana. Ƙaton yana nan a bayansa da farar singiletinsa. Gandiroban kuma ya tare ni a hanyar fita ya ce cikin tausayi, idan da ɗan abin da zan kawo, zai yi magana a sassauta masa.

A layin masu kawo abinci akwai wata tsohuwa da nake gani kullum. Zaninta ya koɗe, silifas ɗinta an ɗinke shi da zare, abin da take kawo wa ɗanta garin kwaki ne a baƙar leda. Ba ta gaida gandiroba, shi ma ko kallonta ba ya yi. Nakan ce a raina wannan wace irin uwa ce. Sai ranar kasuwa na gan ta a Kwanar Dangora zaune a kan buhunan masara, da leshi da zoben zinare, tana ba 'yan dako umarni. Na ce to, ga mai kai rahotonmu, tana shigar talakawa tana sauraron hirar mutane a layi.

Ban iya haɗiye abu ba. Na tsaya a kanta na ce, “Iya, sannu da kasuwa. Ashe ke ce. Ina silifas ɗin?”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta gane ni. Ta kori 'yan dakon, ta ce in zauna. “Ke ce mai kular zinare,” in ji ta. “Tun ranar da kuka sauko daga mota da rawani na ce Allah ya jiƙan yaron nan. 'Yar nan, a can ba a dukan wanda ba shi da kowa, wahalar banza ce. Wanda ake duka shi ne wanda idan ya yi ihu wani zai ji a waje ya tura. Ku kuka je kuka nuna musu yawan masu jin.”

Na ce, “To ya zan yi, Iya?”

“Ki yar da shi. A gabansu. Kuma kada ki ƙifta masa ido, ƙaton nan aikinsa ke nan, kallon ido.”

Ban yarda da ita nan take ba. Na yi ta juya maganar a mota, ina cewa ko tana so ne a sauke wa ɗanta nauyi, ko kuma bakinta ɗaya da su suna gwada ni. Amma na tuna gandiroban ko kallon ledarta ba ya yi, kuma na tuna na taɓa hango ɗanta ta raga, a rame yake kamar kowa, amma da tafin ƙafarsa yake takawa.

A gida aka yi tashin hankali. Mai unguwa ya ce tun da aka taso su daga tsohon gari ba a taɓa jin sun yar da nasu ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Inna ta ce ko kashe ta za a yi sai ta je ta ga ɗanta. Na ce, “Inna, duk ranar da kika je kika yi kuka a ragar nan, da ƙafarsa yake biya.” Washegari da safe na same ta a gindin turmi. Ta auna garin kwaki, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji, sannan ta ɗauko busassun kawunan kifi ta dake su lukui ta barbaɗa kaɗan a ciki. Haka take yi mana muna yara idan ruwa ya hana kamu, kuma duk garin babu mai yin haka sai ita. Ta ƙulle a baƙar leda ta miƙo mini, ta ce, “Zai gane.”

Na cire 'yan kunne, na ɗaura zanin da nake banda da shi, na tafi ni kaɗai. A ƙofa na ɗebi garin na watsa a baki. Gandiroban ya leƙa ledar ya ce, “A'a, Hajiya, yau ina kular?” Na ce an sayar. Ya tambayi ina Inna, na ce ta ce ba ta haifi ɓarawo ba. Na ga fara'ar ta sauka daga fuskarsa a hankali.

Da aka fito da ƙanena, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce mun gaji. Na ce ya cinye ragon Inna, ya cinye jarina, dattawa sun ce kowa ya cire hannunsa, wanda ya ɗauki injin mutane ya ji da kansa. Na ce kada wanda ya sake kirana, wayar ma na sayar. Ya riƙe ragar ya ce, “Yaya, ni ne fa. Wallahi ban ɗauka ba.” Ƙaton yana kallon tsakiyar idona. Na yi tsaki, na juya na fita. Sai da na kai Kwanar Dangora na shiga bayan wata rumfa na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba.

Sun sake kira, ba sau ɗaya ba. Nakan ɗauka ba tare da na bari sun ji muryata ba, in ji ihunsa in kashe wayar, in koma in ci gaba da juya kifi. Sannu a hankali kiran ya ja baya, har ya tsaya. Ina kai ledar jifa-jifa, in ajiye a ƙofa, ba na neman ganinsa. Har yau ban san wanda ke kai musu labarin gidanmu ba, kuma har yau akwai gidajen da ba na shiga a unguwarmu.

Bayan damina aka ga injin a hannun wani a kasuwar Tudun Wada, aka sallami ƙanena. Mota biyu aka cika aka je tarbarsa, ban hana kowa ba. Ya fito yana ɗingishi, yatsun hannunsa na dama ba sa rufuwa sosai, har yanzu da hagu yake jan komar kamun kifi. Inna ta ajiye masa tarwaɗa guda a gabansa, ya ɗauki kwanon ya kai gaban mai unguwa kamar yadda ya saba kai wa shugaban ɗaki, ya dawo ya zauna, sai da aka ce masa nasa ne.

An daɗe kafin mu yi maganar. Wata safiya yana gyaran koma a ƙofar gida, na zauna kusa da shi na ce, “Ka dai ji kifin a cikin garin ko?”

Ya ce, “Na ji, Yaya. Amma ba a lokacin ba. Bakina a fashe yake, komai na ci ɗanɗanon jini nake ji. Sai da ya warke, an kawo leda ta wajen uku ko huɗu, na sa a baki na ji hannun Inna.”

Na ce, “Kafin nan fa?”

Ya ci gaba da ɗaura zaren, bai dube ni ba. “Kafin nan na yarda. Sukan miƙo mini wayar in ce su kira da kansu, ba ni da kowa. Sun yi ta kallona, suka ga da gaske nake, shi ya sa suka ƙyale ni. Da na gane a ranar, da sun gani a fuskata.”

Na tashi na shiga gida. Inna tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, “Na ce miki zai gane ko?” Na ce mata eh, Inna, tun ranar farko ya gane.