Ranar da Aka Fitar da Habboba Saboda Guɗa

Jiya jikata ta kunna kiɗan piyano a wayarta, na ce ta rage. Kiɗan bai yi mini laifi ba, wani tsohon haushi ya tayar mini. Bari ka ji.

Kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa suke kiran tasu, ita ce mai guɗar unguwarmu a Gadarif. Suna ko aure, in ba ta rangaɗa ba, to ba a fara ba.

Wata shekara dawa ta yi albarka, ƙurar motocin buhuna ta rufe hanyar Doka, sai masu sayar da tarakta suka ɗauko makaɗan Turawa daga Khartum, har da wata baƙuwa gwanar piyano. Kawuna, autan Habboba, akawu ne a ofishin manyan gonaki, shi ya samo takardar gayyata. Habboba ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ta turara mayafinta, ta ja hannuna, muka tafi zauren taron bayan la'asar.

Masu goge jere-jere, da baƙaƙen kaya a wannan zafin, wani dattijo yana kaɗa musu siririyar sanda. Baƙuwar ta sa hannu, yatsunta suna gudu kamar mai tsince riɗi. Kiɗan ya hau, ya hau, ya sauko, ya yi tsit. Ashe ba a gama ba, numfashi suke yi. Mu ina muka sani? Habboba ta ji abin ya kai mata zuci, ta dafe hanci ta rangaɗa guɗa.

Duk manyan nan suka waiwayo, wasu har da tsaki. Wallahi na ga baƙuwar ta ɗago tana murmushi. Amma Kawu ya miƙe, gumi yana zuba, ya kama gwiwar hannun uwarsa.

"Inna, tashi mu fita. Kin ba ni kunya."

"Yabawa na yi, ɗan nan," in ji ta a hankali.

Ya raka mu bakin ƙofa, ya koma kujerarsa. Wannan komawar ce har yau take ci mini rai. Matar da ta yi kakar riɗi bakwai a gonar wasu don ya yi karatu, ita ce abin kunya saboda wasu masu ɗaura taye a wuya!

Yanzu yara suna sauraron irin kiɗan nan a waya, mai son ihu ya yi ihunsa, babu mai harararsa. Habboba kuwa daga ranar ta daina guɗa. Ranar da za a kai ni gidan miji, mata suka yi ta roƙonta, har Kawu ya durƙusa. Ta shafa kaina ta ce, "Ku nemi wadda ta san lokacin da ake yi." Haka na fita daga gidanmu da guɗar maƙwabciya.