Bangon da Zagaye Bai Gani Ba

Shekara goma sha tara na yi ina tuƙa motar kwana-kwana, goma sha huɗu daga ciki da mutum ɗaya a kujerar gefena. Zagaye muke ce masa. Shi ne shugaban ayarinmu: gajere, mai faɗin kafaɗa, gashin girarsa na hagu ya ƙone tun yana sabon shiga bai sake tsirowa ba. Matarsa ta rasu da daɗewa, shi ya raini 'ya'yansa mata biyu tsakanin aikin safe da na yamma.

Aikinsa ne ya ba shi sunan. In muka isa wurin gobara, ba mai buɗe ruwa sai ya zagaya ginin da ƙafarsa, gefe huɗu. Yana duba launin hayaƙi da inda yake fitowa, da inda iska ta nufa, da wayar lantarki, da tukunyar gas, da bangon da ya fara tsagewa. Ƙofa kuwa da bayan hannu yake taɓa ta. Minti biyu yake yi, wani lokaci uku. A wurin wanda gidansa ke ci, wannan shekara ce. An zage mu, an jefe mu, sau biyu ana fasa mini gilashi. Shi ko a jikinsa. Ruwan tankinmu, in aka buɗe tiyo biyu, minti shida ne ya ƙare.

"In ka zuba inda ba nan wutar take ba," in ji shi, "wanka ka yi wa gidan."

A shekarun nan duka bai taɓa rasa mutum ɗaya cikin ayarinsa ba. Ni wannan nake dubawa, ba jawabin manya ba.

Wata Talata da rana tsaka aka kira mu wani bene. Ƙasa shagon katifu ne, sama gidan mai shagon. Soso in ya kama, hayaƙinsa baƙi ne wuluk, kuma shi ke kisa kafin wuta ta iso. Muna tsayawa matar mai shagon ta riƙe rigar Zagaye.

"Yallaɓai, surukina! Baban mijina!"

"Yana ciki?"

"Ban sani ba. Yakan kwanta a ɗakin baya bayan ya ci abinci."

Mai gyaran waya na maƙwabta ya tsoma baki. "Baba ya fita. Da idona na gan shi da sandarsa."

"Yau ko jiya?"

Mutumin ya sosa kai. "Ina jin yau ne."

Zagaye ya kama tafiyarsa. Gaba: ƙofar shago ta yi ja. Dama: matakalar bene cike da hayaƙi. Hagu: bango ya tsage daga taga zuwa rufi. Da ya zo juyawa baya sai ya ci karo da katanga. Wani maƙwabci ne ya gina sito ya toshe lungun, tsayin katangar ya fi mutum biyu. Ina tsaye wurin famfo ina kallonsa. Ya ɗaga kai ya dubi katangar, ya waiwayo ya dubi jama'a, sun fara ɗibar duwatsu. Tsani yana ɗaure a jikin motata. Na tuna da shi, ban buɗe baki ba.

Ya dawo. Dogo, babban mai riƙe tiyo a cikinmu, ya riga ya sa abin numfashi.

"Maigida, bar ni in hau. Minti ɗaya."

"Matakalar nan a kan wuta take zaune. Ka hau, da cebur za mu kwaso ka."

"To in tsohon yana ciki fa?"

"An ce ya fita. Ba zan ba da mutum mai rai saboda wataƙila ba. Ku tsaya waje, ku ba shagon ruwa."

Haka aka yi. Minti huɗu bayan nan matakalar ta rufta. Dogo ya kalle ta. A wannan Zagaye ya yi daidai.

Sai wajen la'asar wutar ta mutu, bayan mota ta biyu ta kawo ruwa. Muka fasa katangar muka shiga baya. Ɗakin tsohon a ƙasa yake, ba a sama ba, ba wanda ya tambayi matar wannan. Yana da taga mai sandunan ƙarfe uku, irin waɗanda Dogo ke yankewa kafin ka ƙirga talatin. Wuta ba ta taɓa ɗakin ba. Tsohon yana zaune a ƙasa jikin tagar, sandarsa maƙale tsakanin ƙarafan, ya yi ta ƙoƙarin lanƙwasa su. Hayaƙi ne kawai ya kashe shi.

Washegari babban jami'inmu ya kira shi ofis, ni ma aka kira ni shaida.

"Rubuta cewa bayan ginin ba ya shiguwa," in ji jami'in. "Gaskiya ce ai. Laifin mai katanga ne."

Zagaye ya ja takardar ya rubuta: Ban gama zagaye ba. Gefe uku na gani.

"Kai mahaukaci ne? Saura maka shekara biyu ka yi ritaya lafiya!"

"Gefe uku na gani, ranka ya daɗe."

Ya sa hannu. Aka cire shi daga shugabanci aka mayar da shi ɗakin kaya, yana liƙe tiyo masu yoyo. Wata takwas ya yi a can ya ajiye aikin. Ba taro, ba jawabi. Ni na kai shi gida a babur ɗina, jakarsa a tsakaninmu. Muka isa ƙofar gidansa. Da ya sauka sai ya tsaya, bai kalle ni ba.

"Direba, tsanin nan yana jikin motarka."

"Na sani, maigida. Na tuna da shi a lokacin."

Ya daɗe yana jujjuya hannun jakar.

"Da ka faɗa," ya ce, ya shige.