Mai Katange Sunaye

Mai gyaran kwamfutar nan yana ƙure min haƙuri. Siriri ne, idanunsa sun faɗa. Hotunan marigayiya 'yata kawai na ce ya kwashe min, amma sai rubuta umarni yake a baƙin allo, yana katange sunan kowane hoto da alamar zance. Da manhajar duba kuskure ta nuna gargaɗi, sai ya zabura kamar ya ga fatalwa.

"Malam, a nan zan kwana?"

"Haƙuri, Mama. In suna ya zauna ba katanga, na'ura na iya raba shi biyu ta share komai."

Fuskar 'yata yake kallo a wani hoto, sannan ya sake duba umarnin. Ko hotunan wa suka taɓa salwanta a hannunsa? Na ja kujera na zauna.