Anti Virginia, Wadda Ta Ƙi Goge Makullan Mutane

Kafin masu ƙosai su sauke kasko, Anti Virginia ta riga ta buɗe shagonta a Tudun Wada. Ɗan ƙaramin shago ne tsakanin mai kemis da mai walda, kuma allon da ke samansa har yau tallan fotokwafi yake yi, aikin da ta daɗe da bari. Takan share, ta duba batirin sola, ta ɗora ruwan shayi. Sannan ta zauna gaban kwamfuta ta buɗe wani baƙin allo, babu hoto babu kwalliya, ta rubuta layi guda. Idan amsa ta dawo sai ta gyaɗa kai ta ce, "Yau hanya lafiya." Idan ba ta dawo ba, ta san irin fuskokin da za su fara leƙowa kafin hantsi.

Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon. Ban ji an ce za a yi mata walima ba, ban kuma ga wanda ke shirin ba ta lambar yabo ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tsohon malamin firamare ne ni, ba ɗan sana'arta ba, don haka zan bayyana aikin yadda ita ta bayyana mini.

Yaranmu masu rubuta manhaja, aikinsu ba a cikin laftof ɗinsu yake ƙarewa ba. Akwai manyan kwamfutoci a wasu ƙasashe da suke kira saba, akwai kuma rumbun da ma'aikatan kamfani ke zuba abin da kowa ya rubuta. Hanyar da ake bi daga nan a shiga can cikin sirri, ita ake kira SSH. Mutum yana da makulli, wani ɗan fayil da ke zaune a laftof ɗinsa, can kuma an rataya kwaɗon da ya dace da shi. Ranar da ƙofar ta ƙi buɗuwa, kana kallon aikinka ga shi a gabanka, amma ba ka da yadda za ka miƙa shi. A irin wannan ranar ake tuna Anti Virginia.

A nan Tudun Wada aka haife ta. Mahaifinta daga kudu maso gabas ya zo da sayar da kayan gyaran mota, ita kuwa Hausarta ta Zazzau ce tsantsa, har da gatsen. Da buga wa ɗalibai takardu ta fara. Da ɗaliban suka koma zuwa da matsalolin da ba na takarda ba, sai ta bi su can, ta yi ta karatu tana tambaya har ta zama ita ake tambaya.

Abin da ke fara ƙular da sabon zuwa shi ne ba ta karɓar laftof. Ka shigo a gigice ka miƙa mata, sai ta nuna maka benci. "Zauna. Karanta mini abin da ta ce." Yawanci sai a yi tsuru-tsuru, domin ba a karanta ba. An dai ga abu ya ƙi, an yi ta dannawa. Daga nan take bi daki-daki: shin hanyar ce ta yanke, ko ƙofar ce a rufe, ko makullin ne aka ƙi karɓa? Ta ce kowanne da kukansa. Wanda aka yi wa shiru ya yi ta jira har ya gaji daban, wanda aka kora nan take daban, wanda aka ce ba a san shi ba daban. Mai gaggawa yakan haɗa su duka ya ce sabis ne babu.

Malam Labaran, mai kula da shafin wata ƙungiyar manoma, ya ba ni labarin ranar da kwamfutarsa ta yi masa gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa sabar da ya saba shiga ta canza kama, mai yiwuwa wani ne ya tsaya a tsakani yana saurare. Kowa ya san yadda ake share gargaɗin a wuce, shi ma abin da ya zo a yi masa ke nan. Ta ce sai ya kira mai sabar a waya, ya karanto masa sabuwar shaidarta, su gwada da ta kan allo harafi da harafi. Aka kira, aka gwada, ta yi daidai. Ashe gyara aka yi wa sabar, ba wani ɓarawo. Malam Labaran ya ce, "Kin gani ko, Anti? Wahalar banza." Ta ce, "Na gani, Malam. Ranar da ba ta banza ba ce ma, haka allon zai rubuta." Ya ce mini har yanzu yana jin haushin amsar, kuma har yanzu yana kiran waya.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu a gabana ya faru, kuma a gidanmu ya taɓa.

Suhaibu ɗan ƙanwata ne. Mahaifinsa ya rasu, uwarsa kuma ɓarin jikinta ya shanye, suna zaune a Hanwa su biyu. Shi ke ɗaukarta a keke zuwa gashi a asibiti, shi ke juya ta a gado. Ya daɗe yana neman aikin da zai yi daga gida, har wani kamfani na ƙasar waje ya ɗauke shi gwaji. Idan ya ci, ya zauna kusa da uwarsa. Idan ya faɗi, akwai wani aiki da ke jiransa a Legas, kuma mun riga mun gama magana cewa ba zai sake ƙin sa ba, domin gida ba ya tafiya da fata. Ni da na san uwar tun tana rarrafe, na san ba ta son ya tafi Legas.

Ranar ƙarshe ta gwajin, aiki ya kammala, saura ya zuba shi a rumbun kamfanin kafin la'asar. Ƙofa ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya yi ta sakewa har sabar ta daina amsa masa gaba ɗaya. Ya bar layin gida ya koma na wayarsa, nan ma bayan ɗan lokaci aka yi masa shiru. Wanda zai iya buɗe masa daga can kuwa barci yake, domin a ƙasarsu gari bai waye ba. Bayan azahar ya kira ni, muka hau acaɓa zuwa Tudun Wada tare da abokinsa Kailani, wanda shi ma rubuta manhaja yake yi.

Anti Virginia ta nuna masa benci. Ya ce, "Anti, don Allah ba ni layinki in gwada, lokaci na tafiya."

Ta ce, "Layi nawa ka gwada?"

"Na gida da na waya."

"Duka an toshe su?"

"Duka."

"To nawa kaɗai ya rage mana. Ba za mu taɓa shi ba sai mun san ciwon. Koma sama ka karanta mini abin da ta fara ce maka, tun kafin ta yi fushi."

Ya ja allon sama yana gumi. Saƙon farko cewa ya yi an gwada makullan da ba daidai ba da yawa, an katse. Suhaibu ya rantse makulli ɗaya kamfanin ya sani, kuma da shi yake shiga tun farkon gwajin. Ta ce ya tambayi laftof ɗin makullai nawa take riƙe da su. Da jerin ya fito, sai ta cire tabarau ta dube shi. "Suhaibu, kai ne mai gadin unguwa?"

Ga yadda abin yake. Laftof ɗin Suhaibu ce mai riƙe caji a cikin ta abokansa. Duk ranar da aka ɗauke wuta, gidansu ake zuwa aro, kowa ya sa makullinsa ya yi aikinsa ya tafi ya bar shi, kamar yadda muke barin makullin ɗaki wurin maƙwabci in za mu kasuwa. Shi kuma ba zai iya buɗe baki ya ce wa aboki ɗauke kayanka ba, kunya ba za ta bar shi ba. Cikin makon nan wasu suka ƙara nasu. Ita kwamfuta ba ta san na wa ne na wa ba. In ta je ƙofa, miƙa su take ɗaya bayan ɗaya, sabar kuma tana ƙirga na ƙarya, kafin a zo kan na Suhaibu ta rufe. Da ya yi ta nacewa, manhajar da ke gadin sabar ta ɗauke shi ɓarawo ta toshe layinsa.

Kailani ya miƙe ya ce, "Ai shi ke nan! A goge sauran duka, a bar nasa." Ni ma abin da ke bakina ke nan, domin ina ta duban inuwar da ke tsawo a bakin shagon, raina kuma ya fara ɓaci da wannan sanyin jiki nata.

Ta ce, "Naka yana ciki, Kailani?"

Ya ce yana ciki, amma yana da wani a gida.

"Sauran fa? Ka san suna da shi?" Ya koma ya zauna. Ta ce, "Amanar mutane ce. Ba za mu buɗe ƙofarmu mu kulle wani a waje ba."

Sai ta nuna wa Suhaibu yadda zai gane nasa, domin kowane makulli akwai sunan mai shi a wutsiyarsa. Ta faɗa masa 'yan layukan da zai rubuta, waɗanda ke ce wa kwamfutar in za ki ƙofar kamfanin nan, wannan makullin kaɗai za ki nuna. Ya yi kuskure, ta sa ya goge ya sake, ba ta karɓi laftof ɗin ba. Ta sa ya karanta mata abin da ya rubuta da ƙarfi. Sai a lokacin ta juyo da nata layin ta ce, "Bisimilla. Sau ɗaya."

Ya danna. Allon ya yi jim, sannan rubutu ya fara zubowa. Ni ban san ma'anarsa ba, fuskar yaron na karanta. Ya kifa kansa a kan tebur, ana kiran la'asar a masallacin bayan kemis.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ta ce ba zai bar shagon ba sai ya kira kowane mai makulli ya zo ya ɗauki abinsa. Suhaibu ya ce, "Haba Anti, sai su ce na kore su." Ta ce, "Ka ce ni na ce. Ni an saba jin haushina." Cikin waɗanda suka zo har da Christabel, wata yarinya daga Tudun Jukun mai kula da sabar wata makaranta. Da ta ji an so a goge makullan, sai ta nemi wuri ta zauna. Laftof ɗinta wuta ta ƙona kwanakin baya, kuma makullin da ke wurin Suhaibu shi kaɗai ya rage mata a duniya. Anti Virginia ba ta dube mu ba, ba ta ce kun gani ba. Ta dai sa kowa ya yi sabon makulli a tasa na'urar, a cire tsohon daga can, tana yi musu faɗa tana zuba musu shayi.

Anti Virginia, ke ce kika koya wa 'ya'yanmu karanta abin da ke gabansu kafin su ɗora laifi a kan sabis. Ke ce mai sanyin hannu a ranar da kowa kansa ya ɗau zafi. Da kin so, da kin riƙa karɓar laftof kina juya baya kina gyarawa, su yi ta dawowa har tsufanki. Kika zaɓi ki sa su rubuta da hannunsu, ko da hakan na nufin gobe ba za su neme ki ba. Sunanki ba ya cikin manhajar kowa, kamfanonin da suka ɗauki yaranmu ba su taɓa jin labarinki ba. Mu mun sani, kuma ina faɗa a gaban jama'a cewa ina jin ciwon tafiyarki.

Ku masu sana'a, ko ta kwamfuta ko ta walda, ga abin koyi a bakin titinku. Ku tsaya ku gane ciwo kafin ku taɓa, ku koyar da abin da kuka iya, kada kuma gaggawar wanda ke gabanku ta sa ku cuci wanda ba ya wurin. Ku kuma matasan da kuka zauna a bencin nan, ku je ku gaishe ta kafin wata ya ƙare, kada ku tsaya ga saƙon waya.

An ɗauki Suhaibu aikin. Yana nan Hanwa, da safe ya kai uwarsa gashi, da rana ya zauna kusa da gadonta yana aiki. Shekaranjiya na je shagon na tarar ana ɗaure kaya a kwali, na tambaye ta me ya yi zafi haka da za ta bar garin da aka haife ta. Ta ce mahaifiyarta ta koma ƙauyensu tun bayan rasuwar babanta, yanzu ƙafa ta ƙi, kuma babu kowa a kusa. Na ce ai da ta faɗa mana tun tuni. Ta ci gaba da naɗe waya a hannunta ta ce, "Malam, na daɗe ina cewa sai baɗi. Ranar da yaron nan ya kifa kai a teburina saboda uwarsa, da kuka fita na kira ta na ce ina zuwa."

Mun gode, Anti Virginia. Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki same ta da sauƙi. Ƙanwata ta ce in gaya miki ta sa ki a addu'a, ke da Mama.